Amsa ga ɗana kan zaman shawara

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da maƙwabtanku suka ba ka sakataren kwamitin gyaran magudanar ruwa. Ka yi mini tambaya biyu: me ya sa sai an tara kowa da kowa alhali mutum uku masu sani za su iya yanke magana cikin awa guda, sannan ko al'ada ce yaro ya kame bakinsa muddin manya na zaune.

Zan fara da ta biyun, don ita ta fi tsaya mini a rai. Ladabi shi ne ka jira a ba ka dama, ka sassauta murya, kada ka katse babba. Amma ka ga inda za a yi ɓarna ka yi gum, wannan ba ladabi ba ne, cutar jama'a ne. Ka tuna Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Manzon Allah (SAW) ya fi son a tsaya a cikin Madina, matasan da ba su samu halartar Badar ba suka matsa a fita, kuma ya bi ra'ayin masu rinjaye. An sha wuya a wannan rana. Duk da haka, ayar da ta sauka bayan yaƙin, ta 159 a Ali Imrana, cewa ta yi ya ci gaba da shawartarsu. Idan har ba a rufe wa matasa baki bayan Uhudu ba, wane dattijo ne zai rufe maka naka kan maganar kwata? Dattijon da ya san abin da yake yi ma shi ne ke yin magana a ƙarshe, domin ya san da zarar ya furta ra'ayinsa kunya za ta hana sauran su saɓa masa.

To, batun mutum uku. Gaskiya ne za su iya tsara abu mai kyau, amma su ukun za a bari da kayansu. Ranar aiki wani zai ce bai ji ba, ranar karo-karo wani zai ce ba da shi aka yi ba. Ga kuma abin da takardar injiniya ba za ta nuna ba. Matar da gidanta ke can ƙasan layi ita ta san ta wace kusurwa ruwa ke shigowa, ta san daren da ta ɗora yaranta kan gado tana kwalfe ɗaki da kwano har asuba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ke juye shara a magudana, in ya zauna ya ji wannan daga bakinta, abin zai shige shi fiye da kowace tara.

Wata malamar jami'a 'yar Amurka, Elinor Ostrom, ta shafe shekaru tana nazarin masunta da makiyaya da manoman rani a ƙasashe da dama, har ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Ta gano cewa dokar da masu amfani da abu suka kafa da kansu, suke sa ido a kanta, suke hukunta mai laifi daga ƙaramin horo zuwa babba, ta fi daɗewa. A Balensiya ta ƙasar Sifaniya, har yau wakilan manoma takwas na zama kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babbar majami'ar garin, su saurari rigimar ruwan ban-ruwa su yanke hukunci da baki nan take.

Sai dai ka lura da wa ke zuwa taron. In fuskoki ɗaya ne kullum, masu baki da masu hali, an yi taro amma ba a yi shawara ba. Mutanen Atina na dā, a ƙasar Girka, da ƙuri'ar sa'a, ba da zaɓe ba, suke fitar da majalisarsu ta mutum 500. Ƙasar Ayalan ta yi amfani da dabarar a 2016, ta zaƙulo mutum 99 daga cikin jama'a ba tare da duba muƙami ba, suka riƙa zama a ƙarshen mako suna sauraron masana kan batutuwan da 'yan siyasa ke tsoron taɓawa. Kuma ba duk abin da aka gada ne daidai ba: a yankin Appenzell Innerrhoden na Suwizalan, inda ake taruwa a fili a ɗaga hannu, sai a 1990 kotu ta tilasta a bar mata su shiga. Don haka ka bi gida-gida, ka nemi 'yan haya da zawarawa da masu fita aiki tun asuba, ka sa lokacin da za su iya zuwa.

Abin da ke kashe wa mutane gwiwa shi ne a tambaye su sannan a watsar. A Faransa an tara mutum 150 kan sauyin yanayi, suka miƙa shawarwari 149 a 2020, aka rage wa da yawa ƙarfi, mahalartan suka fito suna ƙorafi. A Porto Alegre ta Burazil kuwa, a 1989 aka fara barin unguwanni su zaɓi inda wani kaso na kasafin birni zai tafi, talakawa suka riƙa cika zaure domin sun ga famfo da kwalta da magudana sun biyo bayan maganarsu.

Nan aikinka na sakatare yake. Duk abin da aka tsayar, ka rubuta wa zai yi, da yaushe, da nawa aka tara, nawa aka kashe. A zama na gaba ka fara da karanta shi a gaban kowa, har da ra'ayin waɗanda aka rinjaya, domin su san an ji su. In wani bai cika alkawari ba, ka same shi a keɓe tukuna kafin maganar ta je gaban jama'a.

Ka turo mini abin da kuka tsayar bayan zamanku na farko. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka.