Daga "na sallama" zuwa miƙa makulli

Ka tambaye ni, ɗana, a kan dillancin gida, wai bayan mai gida ya ce ya sallama, kwana nawa za ka ce wa mai saye ya jira. Kada ka yanka masa rana tukuna. Ka fara cewa a nuna maka takarda, sannan ka leƙa ka ga su wa ke kwana a gidan.

In gidan mutum ɗaya ne a cikin unguwa, takardarsa ta mai unguwa da dagaci, babu ɗan haya, mai saye kuma kuɗinsa na hannu, mako ɗaya zuwa biyu ya ishe ku. Ya ajiye kafin alƙalami, ku je wurin mai unguwa, a taka iyaka a gaban maƙwabta, a tara shaidu, a rubuta takardar ciniki, a cika kuɗi. Shi ke nan.

Gida mai satifiket, wanda ake kira C of O, tafiyarsa daban. Lauyan mai saye zai je ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, ya duba fayil: sunan wa ke ciki, ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati na bin bashin kuɗin ƙasa. Wannan kan ci makonni, in fayil bai ɓace ba. In ya fito lafiya, sai a sa hannu a takardar lauya, a biya, a ba da makulli. Mu dillalai a nan muke cewa ciniki ya faɗa, amma doka ba ta gama ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, sashe na 22, ta ce mai irin wannan takarda ba zai mallaka wa wani ba sai da amincewar gwamna. Neman amincewar, da biyan kuɗin hatimi, da rajista, su ke cinye watanni, wani har ya haura shekara. Mai saye yana cikin gidan da iyalinsa, fayil kuma yana ɗauke da sunan tsohon mai shi. Ka faɗa masa haka tun farko, don kada ya dawo yana cewa ka rufe shi.

Wanda na fi so ka buɗe kunne a kansa shi ne gidan gado. Babban wa zai kama hannunka ya ce ya sallama, har a yi addu'a, alhali ƙanwarsu da ke aure a Zariya ba ta ma ji ba, ga marayu ƙanana da ba wanda zai sa hannu a madadinsu sai waliyyin da kotu ta yarda da shi. Sallamar mutum ɗaya a gidan mutum tara ba sallama ba ce. Ka nemi takardar rabon gado ta kotun shari'a, ka ƙirga magada da kanka, kowa ya sa hannu ko ya aiko wakili da shaida. In kuwa wani kasonsa kaɗai ya sayar a gidan da ba a raba ba, sauran suna da shufa'a: za su iya mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe kason. A mazhabar Malikiyya wannan hakki ba ya faɗuwa sai wajen shekara ta wuce mutum yana sane ya yi shiru. Irin wannan ciniki ni ba na sa masa wata, balle rana.

Sai 'yan haya. Mai biyan shekara-shekara, in babu wata yarjejeniya a rubuce, notis na wata shida yake da shi, kuma in ya ƙi tashi sai an je kotu. Sayar da gida ba ya fitar da shi.

Saboda haka takardar kafin alƙalami ka rubuta ta da kyau: ranar cika kuɗi, wa zai sallami 'yan haya, wa zai biya bashin wuta da na ƙasa, da abin da za a yi in ɗaya ya fasa. La'adarka ma a rubuta ta a ciki, kuma kada ka ci bashi a kanta tun ba ta shigo aljihu ba. Gobe ka koma wurin mai gidan nan ka karɓo hoton takardarsa, ka tambaye shi ko saya ya yi ko gada ya yi.