Amsar tambayarki kan zaɓen miji a Indiya ta dā

'Yata, na ga saƙonki, kuma na ji daɗi da kika tambaya. Kin ce kina ganin amarya a finafinan Indiya tana rataya wa ango furanni a wuya, ƙawarki kuma ta ce miki ai a can, tun zamanin dā, budurwa ce ke zaɓen mijinta da kanta a bainar jama'a, shi ne kike so ki ji ko haka al'adar take. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ta ba ki.

Suna kiran al'adar swayamvara, tana nan cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu, musamman Mahabharata da Ramayana. Sarki zai aika wa sarakuna da 'ya'yansu goron gayyata, a taru a fada, gimbiya ta fito riƙe da furanni. Ki lura tun daga nan, 'ya'yan sarakuna ake ba da labarinsu. 'Yar manomi babu mai tara mata taro.

Ko a cikin gimbiyoyin ma ba kowacce ta zaɓa ba. Sita, mahaifinta Sarki Janaka ne ya ce sai wanda ya iya ɗaure wa bakan Shiva, ɗaya daga cikin allolinsu, tsirkiya zai aure ta. Rama ya ɗauki bakan, ya tanƙwara shi har ya karye, aka ba shi ita. Draupadi ma gasar harbi aka shirya a kanta, Arjuna ya ci. Da suka isa gida, mahaifiyarsa Kunti, ba tare da ta duba abin da suka zo da shi ba, ta ce su raba da 'yan'uwansa, sai yarinya ta zama matar mutum biyar. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Amba. Ranar nata taron a birnin Kashi, wani jarumi ɗan sarki mai suna Bhishma ya kwashe ta da ƙannenta biyu da ƙarfin tsiya don ya aurar wa ƙanensa, alhali tana da wanda take so, Sarki Salwa. Da ta faɗi haka aka sake ta, ta tafi wurin Salwa, ya ce ba zai karɓi wadda wani namiji ya ɗauke ba. Ta komo, Bhishma ya ce shi ya yi rantsuwar ba zai taɓa aure ba. Ta tashi ba tsuntsu ba tarko, ba don ta yi laifin komai ba.

Wadda ta zaɓa da gaske, kuma ita na fi so ki sani, ita ce Damayanti, 'yar sarkin Widarbha. Ita da Sarki Nala sun kamu da son juna tun ba su haɗu ba, wata dinya ce ta kai mata labarinsa. Ranar zaɓe, huɗu daga cikin allolinsu, Indra da Agni da Waruna da Yama, su ma suna son ta, sai suka rikiɗa suka ɗauki kamannin Nala. Ta fito ta tarar da mutum biyar a jere, fuska ɗaya. Ta roƙe su da gaskiyar son da take wa Nala su bayyana alamunsu, sannan ta zuba ido. Huɗu ba sa ƙifta ido, ba sa gumi, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, furannin wuyansu shar. Na biyar kuwa ga gumi a goshi, ga ƙura a jiki, ga inuwarsa a ƙasa, furanninsa sun fara yaushi. Shi ta rataya wa nata. Ta bar waɗanda ba sa mutuwa ta ɗauki mai gumi da gajiya, da idonta biyu. Wannan wurin yana taɓa mini zuciya ƙwarai.

Amma kada ki zaci daga nan sai jin daɗi. Nala ya faɗa caca da ɗan'uwansa Pushkara, mulki ya salwanta, suka shiga daji. Tana barci ya yanke rabin zanenta ya ɗaura, ya gudu ya bar ta. Ita ce kuma ta nemo shi. Ta sa aka kai labari fadar Sarki Rituparna a Ayodhya, inda take zaton Nala ya ɓuya, cewa za ta sake zaɓen miji washegari, don ta san babu mai iya koro dawakai ya ci wannan nisa cikin yini ɗaya sai Nala. Ya iso da wata kama daban, a matsayin mai tuƙa wa Sarki Rituparna keken doki. Ta aika baiwarta ta ɗebo mata naman da ya dafa, tana ɗanɗanawa ta gane hannun mijinta, ta fashe da kuka.

Sawitri ma da kanta ta zaɓi Satyawan, aka gaya mata shekara ɗaya ta rage masa a duniya, ta ce ita sau ɗaya take zaɓe. Har yau akwai matan Hindu da ke azumi da sunanta, suna naɗa zare a jikin wata babbar bishiya don mazajensu su yi tsawon rai. Wannan imaninsu ne, mu namu daban, amma sanin abin da mutane suka ɗauka da girma ba ya rage ki da komai.

Furannin da kike gani a bikinsu na yanzu kuwa, ango da amarya kowa yana rataya wa ɗan'uwansa, kuma galibi iyaye sun gama shirya auren tun kafin ranar. Ki gaya wa ƙawar taki haka. Ki gaida mini mamanki da ƙannenki.