Kuɗin jinyar Hajiya ma ba ka san inda suke shiga ba, kamfani kake son buɗewa?

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya turo min saƙo mai tsawo, bari in taƙaita. Mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki wata 14 da suka wuce, da aka sallamo su daga asibiti ta ce ita ba za ta koma gidan kowa ba, a ɗakinta za ta zauna. Sai ya damƙa komai a hannun 'yar goggonsa, ita ta samo yarinyar da ke kwana da Hajiya, ita ke siyan magani da famfas, ita ke kai ta gashin ƙashi. Shi kuma duk sanda ta kira sai ya zaro daga cinikin shago ya tura, a ƙiyasinsa "kamar dubu 250 zuwa 300" a wata. Yanzu abokansa biyu sun roƙe shi ya samo musu irin yarinyar, shi ne ya ga ai kasuwa ce a buɗe, yana so ya kafa kamfanin tura masu jinya gida-gida, ya naɗa 'yar uwar tasa manaja. Gida 50, kowanne ya bar masa ribar dubu 50, miliyan biyu da rabi kenan duk wata. Tambayarsa ita ce jarin nawa zai zuba.

Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Amma maganar jari ajiye ta gefe tukuna, ni kalmar "kamar" ɗin nan da ka rubuta ita ta tsaya min a wuya. Kai da in yaron shago ya yanka yadi biyar ya rubuta huɗu da rabi sai ka gano kafin la'asar, kai ne wata 14 kana fitar da kuɗi ba ka san ko 250 ba ne ko 300? Tazarar dubu 50 ce fa a wata, ka buga sau 14, dubu 700 kenan da ba za ka iya ce min ga inda suka shiga ba. Ban ce ta ci ba, Allah ya tsare ni da zargi, wataƙila ma daga aljihunta take cikawa wani watan. Abin da nake cewa shi ne ba ka sani ba, kuma ba ka da hanyar sani, kuma wadda ka ba amanar abokiyar wasanka ce, ranar da ka ce "ina rasit" za ta mayar da maganar wasa, in ka dage goggo ta kira ka tana kuka, kafin magariba dangi sun ji cewa kana ƙirga abin da kake kashe wa uwarka. Ma'aikacin da ba za ka iya tambayarsa lissafi ba, ba kuma za ka iya korarsa ba, shi kake so ka ba kamfani.

Yarinyar da ke kwana da Hajiya nawa ake biyanta? Na tabbata ba ka sani ba, don ba ka faɗa ba.

Na taɓa zama da wani mai sayar da kayan gini, mahaifinsa na kwance a garinsu shi yana birni. Duk wata yana tura wa ƙaninsa dubu 120 kuɗin mai jinya kaɗai, ashe dubu 40 ke isa hannun yaron da aka ɗauko, sauran ƙanin yana cewa ai wahalar zirga-zirgarsa ce. Yaron da ya ga kuɗin ba sa isarsa sai ya kama tuƙa adaidaita da rana, ya kulle tsohon a ɗaki da robar ruwa a gefe, ya dawo da yamma. Shi mai kuɗin kullum in ya kira waya a ce "Baba da sauƙi." Sai da ya je da sallah ya ce bari ya canza masa riga da kansa, yana ɗaga shi wari ya buge shi, ƙasan bayan tsohon ya ɓule, gyambo kamar tafin hannu, zanin gadon ya manne a jiki sai da aka jiƙa da ruwan ɗumi aka ɓamɓare. Mai kwanciya irin wannan ana so a riƙa juya shi kamar duk awa biyu, shi kuwa wuni yake a gefe guda. Abin da suka kashe a asibiti bayan nan ya ninka albashin da aka danne, kuma har yau shi da ƙanin ba sa ga maciji.

Toh kai ma wannan makon ka je da kanka, ba waya ba, kuma kar ka sanar. Ka ja yarinyar gefe ka tambaye ta nawa ake ba ta, yaushe aka biya ta na ƙarshe, yaushe rabonta da hutu. Ka sa matarka ko 'yar uwarka mace ta duba bayan Hajiya da ƙugunta da dugaduganta. Ka ɗauko kwalin magungunan hawan jini ka ƙirga ƙwayoyin da suka rage ka gwada da ranar da aka siyo, nan take za ka san ko ana ba ta a kan lokaci. Sannan ka buɗe asusu daban na jinya, ko Opay ne ko Moniepoint, ka yanka wa kanka adadi guda a wata, albashin mai jinya ya riƙa tafiya kai tsaye zuwa asusunta, ba ta hannun kowa ba. Littafi ɗan dubu ɗaya a ajiye a ɗakin Hajiya, duk abin da aka siyo a rubuta, duk maganin da aka ba ta a rubuta da lokaci. Ita 'yar goggo ka yanka mata nata ladan a fili, ka faɗa da bakinka a gaban goggo, don aikin da ake cewa "na zumunci ne" shi ya fi kowanne tsada. Kuma dan Allah ka daina zara daga cinikin shago, jarin atamfa kake ci kana zaton sadaka kake yi daga riba.

Maganar zaɓen mai jinya kuwa, tunda ita ce hajar da kake son sayarwa. NIN da mai tsaya mata da sa hannun mai unguwa wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba sa dubawa shi ne hali, kuma ba a gane shi a hira. Ka ba ta kwana uku na gwaji ka biya ta, ka tsaya ka ga yadda take ɗaga Hajiya daga gado zuwa kujera, ta kan ce "Hajiya zan ɗaga ki" ko kuwa sungumarta take kamar buhun masara. Ka ga ko tana wanke hannu ba a ce mata ba. Ni wadda na fi tsoro ma ita ce mai rawar jiki, wadda komai ita za ta yi, ta ba ta abinci a baki, ta yi mata alwala, ta sa mata ɗankwali, saboda hakan ya fi mata sauri. Masu gashin ƙashi kullum faɗansu kenan, a bar mara lafiya ta yi abin da za ta iya da kanta ko da cokali zai zube sau uku, in ba haka ba ƙarfin da ya rage ma ya tafi. Matar da ta ƙi barin ɗakinta ai ta gaya maka abin da take so, ba ta son a mayar da ita jaririya. Kuma ita za ta yanke hukunci, in ta ce ba ta son yarinyar kar ka tsaya musu, wanka da tsarki ba abu ne da ake yi da wanda rai bai kwanta da shi ba. Mace ga mace, namiji ga namiji, wannan kaɗai ya raba ma'aikatanka gida biyu.

Yanzu miliyan biyu da rabin ka. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 dubu 70 ne. Mara lafiyan da ke buƙatar kulawa dare da rana mutum ɗaya ba zai iya ba, sai biyu, dubu 140 kenan kafin kuɗin mota, kafin abinci, kafin wadda za ta karɓe su ranar da ɗaya ta tashi da zazzaɓi ko aka yi mata rasuwa. Ka ɗora dubu 50 ɗinka a kai, ka haura 200 ba magani ba famfas. Gida nawa ne a Kano za su biya wannan duk wata ba fashi? Akwai su, galibi waɗanda 'ya'yansu ke Abuja ko Saudiyya ko Ingila, amma su ɗin ne kuma za su kira ka ƙarfe biyun dare su ce a turo hoton littafin magani. Sannan akwai abin da ba ka sa a lissafi ba, bayan wata biyu mai gida da mai jinya sun saba, sai su daidaita a bayanka su cire ka, ita ta samu ƙari shi ya samu ragi. Ga ɓatan sarƙa ko waya a gidan mutane, kai za a kira ofishin 'yan sanda. In kuma aikin ya kai ga allura ko ƙarin ruwa ko canza robar fitsari, wannan ba na yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye ba ne, na nas ne mai lasisi, kuma kafin ka kafa allo ka leƙa PHIMA, hukumar da ke kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a Kano, ka ji abin da za su ce.

Abokan nan naka biyu, in ka ga dama ka taimaka musu su samu mutum, kar ka karɓi ko sisi, amma ka sa musu irin littafin nan ka riƙa leƙawa. Bayan wata shida ka dawo min da littafi uku, na Hajiya da nasu, da adadin abin da aka kashe har kwabo, da sau nawa mai jinya ta yi fashi da wanda ya maye gurbinta. A nan za mu yi maganar jari. Ka gaida Hajiya da jiki.