Amsa ga mai tambaya kan koyon haɗa taswira a kwamfuta a ajin yamma

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce kai ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, ba ka tashi daga ofis sai ƙarfe huɗu, ka kuma ga sanarwar wani ajin yamma da ake koyar da haɗa taswira a kwamfuta, wato GIS, amma kana shakkar shiga domin ba ka karanta labarin ƙasa a makaranta ba, kwamfutarka kuma ta kwana biyu. Ka kuma nemi a faɗa maka manhajar da ta fi dacewa da mai farawa. Ni malamin gona ne, ina zaune a nan Birnin Kebbi, aikina yana kai ni fadamun da ke tsakanin nan da Argungu, kuma na zauna a irin wannan aji har wata uku a ranin 2021. Shawarata ita ce ka shiga, amma kada ka shiga hannu rabbana. Ka tafi da wani aiki na gaske da kake son ka ga ya fito a taswira, domin a ajinmu waɗanda suka zo da aiki a hannunsu ne suka kai ƙarshe, waɗanda suka zo neman takardar shaida kawai kuwa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya kai ni shi ne awon gonakin shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen noma na Babban Banki a nan Kebbi a watan Nuwamba na 2015, girman gona ya zama abin da ake dubawa kafin a ba manomi iri da taki. Manomi zai ce maka gonarsa eka biyar ce, ba don yana son ya yi ƙarya ba, sai don haka ya ji daga mahaifinsa, alhali idan an auna ba ta wuce uku ba. Idan ya karɓi kayan eka biyar ya zuba a eka uku, bashin eka biyar zai biya da amfanin eka uku. Ina iya zagaya gona da waya in samu lambobin da ke nuna matsayinta a doron ƙasa, amma ban san yadda zan tara gonakin ƙungiya guda a takarda ɗaya ba, kowace da sunan mai ita da faɗinta.

Muna fara darasi bayan La'asar, mu tashi mu yi Magariba, mu koma har zuwa Isha'i, sau uku a mako. Ba zan ɓoye maka ba, akwai gajiya, musamman da zafin watan Maris ya shigo, ga ɗaukewar wuta, ga janareto da ba kullum yake samun mai ba. Saboda haka ka duba batirin kwamfutarka kafin ka damu da saurinta, kuma ka sayi linzamin kwamfuta na hannu, wato mouse, ko da mai araha ne, domin bin iyakar gona da ɗan yatsa a kan faifan kwamfuta wahala ce da ba ta da dalili. Tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 za ta ɗauke ka a darussan farko, sai dai idan aka kai ga hotunan tauraron ɗan'adam za ka so a ce 8 ce.

Maganar manhaja ba ta da tsawo. ArcGIS ta kamfanin Esri ce da ke Amurka, tana da ƙarfi, manyan ma'aikatu suna amfani da ita, amma lasisinta na kuɗi ne. QGIS kyauta ce, an fara ta tun 2002, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ne suke raya ta, kuma duk abin da mai farawa yake bukata yana cikinta. Wani zai miƙo maka kwafin ArcGIS na sata a filashi. Ka ƙi karɓa, domin ban da rashin halaccinsa, a gabana ya lalata wa wani ɗan ajinmu kwamfuta ana saura kwana kaɗan a miƙa aikin ƙarshe. Wanda ya iya QGIS da kyau ba zai sha wuya ba ranar da aiki ya sa shi gaban ArcGIS, tun da tunanin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne.

Wannan tunanin shi ne ainihin karatun, ba danna maɓallai ba. Makon farko ya zo mini da sauƙi: an nuna mana cewa duk abin da ke doron ƙasa ana iya ajiye shi a matsayin ɗigo, ko layi, ko kewayayyen fili. Rijiya ɗigo ce, burtali layi ne, gona kewayayyen fili ce, kowane kuma yana da jadawalin bayanai a bayansa, kamar rajistar da muke rubuta sunayen manoma. Ana ɗora su shimfiɗa a kan shimfiɗa, a ɓoye wadda ba a so, a bar wadda ake so. Idan ka saba da Excel, ka riga ka ci rabin wannan darasi, kuma shi ya sa rashin karanta labarin ƙasa ba zai hana ka komai ba.

A mako na uku ne na gamu da abin da ya kusa sa ni barin ajin. Na zo da lambobin gonaki goma sha biyu da na ɗauka da kaina a fadama, na shigar da su, sai na tarar ɗigogin sun faɗa cikin ƙasar Kamaru. Na sake shigarwa har sau uku, ban ga canji ba, na koma gida da baƙin ciki ina ganin abin ya fi ƙarfina. Washegari malaminmu ya dubi jadawalin, ya nuna mini cewa na musanya gurabe biyu. Argungu tana wajen digiri 12.7 arewa da digiri 4.5 gabas. Mun saba faɗin na arewa da farko, amma manhajar tana neman na gabas a gurbin X, na arewa a gurbin Y, kuma idan ka juya su ka ce 4.5 arewa, 12.7 gabas, to Kamaru ka nufa. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, abin da na ba ta shi ta zana.

Daga nan ya ajiye linzami ya yi mana bayanin da har yau nake amfani da shi. Ya ce mu ɗauki ƙwarya mu kife ta, sa'annan mu yi ƙoƙarin shimfiɗa ta a ƙasa kamar tabarma. Ba za ta kwanta ba sai ta tsage. Duniya ma haka take, mai son ya kwantar da ita a takarda dole ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Tsarin da masu taswira ke kira UTM ya yanka ta gida 60, kowane gida faɗinsa digiri 6, Nijeriya kuma ta faɗa a gida na 31 da 32 da 33. Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri suna gida na 31. Gusau da Ƙaura Namoda suna na 32, amma Gumi, ko da yake a Zamfara take, tana na 31 tare da mu, domin layin digiri 6 ya ratsa jihar ne. Amfanin sanin wannan shi ne, digiri ba ma'aunin gona ba ne. Ranar da na fara lissafa faɗin gonakina a kan digiri, sifiri da ɗigo da wasu sifirai suka fito. Da na mayar da shimfiɗar zuwa gida na 31, wanda lambarsa a manhajar ita ce 32631, sai faɗin ya fito da murabba'in mita, na raba da 10,000 na samu hekta, na san kuma hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Ranar ce na ji kuɗin da na biya sun halatta.

Akwai wani tarko kusa da wannan wanda zai same ka idan aikinka ya shafi filaye. Tsofaffin taswirorin Nijeriya da takardun safiyo da yawa an yi su ne a kan ma'aunin da ake kira Minna Datum, wayarka da Google Earth kuwa suna aiki da WGS 84. Idan ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba tare da ka sanar da manhajar ba, fili zai goce da gomman mitoci, abin da ya isa ya jefa katangar mutum cikin filin maƙwabcinsa. Duk wanda ya ba ka lambobi, tambayarka ta farko ita ce a kan wane ma'auni aka ɗauke su.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Na taɓa tura wa abokin aiki taswira ta WhatsApp ta ƙi buɗewa, saboda fayil ɗin da ake kira shefayil ba guda ɗaya ba ne, aƙalla uku ne suke tafiya tare, ni kuwa ɗaya na tura. Tun daga nan GeoPackage nake amfani da shi, wanda ke tara komai a fayil guda. Ka kuma saba da adana aiki a kai a kai saboda wuta.

Aikina na ƙarshe a ajin shi ne na nuna gonakin da ambaliyar 2020 ta cinye a ɓangaren fadamar da nake kula da shi. Duk wanda ke Kebbi a wannan shekara ya san abin da ruwa ya yi wa shinkafa. Na sauko da hotunan Sentinel-2, tauraron Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, waɗanda ake bayarwa kyauta, kowane ƙwayar hoto tana wakiltar mita 10 a ƙasa. Nan na koyi abu biyu. Na farko, hotunan suna da nauyi, suna cin data sosai, don haka muka riƙa haɗa kuɗi mutum ɗaya ya sauko da su mu raba a filashi. Na biyu, a tsakiyar damina gajimare yana rufe ƙasa, sai ka bi ranaku da dama kafin ka samu hoton da ya fito sarai. Daga baya na fahimci cewa wani tauraron, Sentinel-1, mai aiki da na'urar radar, yana gani ta cikin gajimare. Da na ɗora iyakokin gonakin a kan hoton ruwan, na buga a takarda na kai wa shugabannin ƙungiyar, wani dattijo ya sa yatsa a kan gonarsa ba tare da an nuna masa ba, sa'annan ya gyara mini wani wuri, ya ce wannan ba ambaliya ba ce, tafki ne da ba ya ƙafewa. Gaskiyarsa ce, kuma tun daga ranar ba na sakin taswira sai mutanen wurin sun duba ta.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba a koyar da shi a aji. Kada ka shiga gonakin mutane da waya a hannu kana zagayawa ba tare da ka gaida mai unguwa ko dagaci ka bayyana dalilinka ba, domin abin da zai fara zuwa zuciyar manomi shi ne gwamnati za ta karɓe masa gona. Ka kuma sani cewa wayar hannu takan yi kuskuren 'yan mitoci ko a fili take, abin da ya wadatar wajen lissafin taki amma bai isa ya raba gardamar iyaka ko gado ba. Taswirarka ba takardar safiyo ba ce. Wannan aikin safiyo ne mai rajista da hukumar SURCON, kuma na sha ƙin buƙatar mutanen da suka so in zana musu abin da za su kai kotu. Haka nan, a halin tsaron da wasu yankunan Zamfara da kudancin Kebbi suke ciki, taswirar da ke nuna gidaje da rumbuna da garken shanu tare da sunayen masu su amana ce, ba abin yaɗawa a Facebook ba ne.

Game da samun aiki, ba zan yi maka alkawari ba. Takardar wata uku ita kaɗai ba ta buɗe ƙofa, amma ilimin yana ƙara wa mutum daraja a aikin da yake kai. An yi amfani da taswira da na'urar bin sawu wajen gano ƙauyukan da masu rigakafin shan inna ba su kai ba a Arewa, kafin a tabbatar da kawar da nau'in cutar da ake kira wild polio daga Nijeriya a 2020, kuma hukumomin filaye irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna da wannan fasaha suke aiki. Ma'aikacin lafiya, da na ruwa, da na ilimi, kowa yana da abin da zai sa a taswira.

Kafin ka biya kuɗi, ka je ka zauna a darasi ɗaya ka gani da idonka. Ka duba ko kowane ɗalibi yana aiki a kan kwamfutarsa ne ko malami kaɗai yake dannawa ana kallo, ka tambaya ko ana fita fili a ɗauko lambobi, ka kuma tambaya ko da bayanan Kebbi ake koyarwa ko da na wani birnin Amurka da ba wanda ya san titunansa. Ƙananan hukumominmu 21 da gundumominsu ana samun bayanansu kyauta a shafin intanet na GRID3, tituna da koguna kuma a shafin OpenStreetMap, don haka malami ba shi da uzurin rashin amfani da su. A wannan makon ka sa QGIS a kwamfutarka, ka zaɓi nau'in da aka rubuta wa LTR domin ya fi tsayawa da ƙafafunsa, ka ɗauki lambobin wurare goma a unguwarku, masallaci da famfo da makaranta da makamantansu, ka rubuta su a Excel, na gabas a gurbi ɗaya, na arewa a wani, ka tafi da su ranar farko. Allah Ya ba da sa'a.