Amsa ga Hajiya kan duron ruwan sama (muryar da aka tura rukuni)

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Hajiya, yanzu na saurari muryarki, ki yi haƙuri tun safe wayar ba caji. Kin ce duron da kike tarar ruwan sama don shukokinki, ba kya sanin ya yi ƙasa sai kin zo ban ruwa ki tarar da ƙanzo, kuma kin gaji da ɗaga murfi kina leƙe. To bari in faɗa miki yadda na yi da nawa a nan Rijiyar Zaki.

Da fari ma, leƙen nan ki rage shi. Duk buɗewar da za ki yi, wata rana sai an manta ba a rufe ba, kuma sauro ba ya buƙatar dogon lokaci, sati ɗaya zuwa kwana 10 ƙwai ya zama sauro mai cizo. Ga yara. Duro a buɗe da yaro mai ƙiriniya, Allah dai ya tsare.

Abin da na yi, kin san siririn tiyon nan fari da ake ganin cikinsa, wanda magina ke zuba wa ruwa su daidaita gini? Shi na aika aka sayo min a Ƙofar Ruwa. Mai gyaran famfo ya huda duron daga can ƙasa, kusa da kan famfon, ya sa tiyon ya liƙe, sannan muka miƙar da shi tsaye a jikin duron muka ɗaure da waya, bakinsa ya ɗan zarce murfi. Shi ke nan fa. Inda ruwa ya tsaya a ciki, nan yake tsayawa a tiyo. Sai na yanko ɗan mitsitsin jan silifa da ya tsinke na jefa ciki, yana yawo a saman ruwan. Daga ƙofar kicin ina hango jan abin nan.

Kai, rufe min ƙofar nan, kaji za su shiga! Yauwa. Ina muke?

Alama. Nan ne nake so ki saurara da kyau. Kada ki wahalar da kanki da lita, ki yi lissafi da jarka, tunda da ita muka saba sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Babban duro lita 200 yake ci, jarka kuma 25, kin ga jarka 8 ke nan. Ranar da duron ya ƙare, ki juye jarka ɗaya, ki ja layi da fenti daidai inda jan abin ya tsaya, ki ƙara wata, ki sake ja. Za ki ga tsakanin layi da layi kamar santimita 10 ne, bai kai taƙi ba. Ni shukokina, tumatir a buhu, yakuwa, alayyahu da 'yar na'a-na'a, jarka ɗaya suke sha a rana in ba a yi ruwa ba. Don haka in na ga layi uku ya rage, na san kwana uku gare ni. Abin da nake nema ke nan, kwana nawa ya rage, ba wai duro rabi ne ko kwata ba.

Kuskuren da na yi da fari, na toshe bakin tiyon da leda don tsoron sauro. Sai ga shi yana nuna min ƙarya, duro ya cika shi yana tsakiya. Ashe iska ce ta rasa hanyar fita. Yanzu guntun tsohon gidan sauro na ɗaura a bakin. Kuma ki juya tiyon ɓangaren inuwa, in rana na dukansa gansakuka za ta yi kore a ciki har ki daina gani.

Wanda ba ya son huda duro kuma, in na ƙarfe ne, ya shafa jikinsa da la'asar. Sama zafi, ƙasa sanyi, inda suka haɗu nan ruwa yake. Ko ya ƙwanƙwasa ya ji inda sautin ya sauya. Ɗana ya ce akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a murfi ta turo maka adadi a waya. Na ce masa duro ɗaya tal, har da sayen batir? A kai kasuwa.

Wani abu da tiyon ya koya min, ban san duro na cika da sauri haka ba. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 na kwano lita 1 ne. To in ɓangaren rufin da ke zuba a indararonki ya kai murabba'in mita 20, ruwan milimita 10 kawai ya cika shi. A watan Agusta kuwa wannan ai kafin ki kwashe shanya an gama. Ragowar sai ya dinga malala gindin katanga, ku da kuke cikin gari da ginin ƙasa kun fi ni sanin abin da hakan ke jawowa. Ki sa a yi masa mafita ta sama, ta tafi kwata ko duro na biyu.

Ruwan farko na damina kuma kada ki tara, ki bar shi ya wanke ƙurar hunturu da kashin tattabaru tukuna.

Af, na manta. In kina zargin yoyo, ki ɗaura zare a tiyon daidai inda ruwa ya tsaya da daddare ki duba da asuba. Nawa haka na kama shi, ashe ba yoyo ba ne, yaran gida ne ke ɗiba suna wanke keke.

Ga kiran magariba can. In kin tashi sayen tiyon ki auna tsayin duronki tukuna, ki ƙara kamar taƙi biyu. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauko hoton nawa in turo. A gaida Alhaji da yara.