Ka Huta Tukuna Kafin Ka Ɗaura Sabuwar Niyya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka fara tsara abin da za ka yi baɗi alhali har yanzu kana zargin kanka a kan gonar da ba ta ba ka amfanin da ka sa rai ba. Amsata ita ce ka dakata tukuna. Yanzu da aka gama kaka kuma hunturu ya shigo, ka ba jikinka hutun mako biyu, sannan ka zauna a natse ka raba abin da ya faru gida biyu: wanda ƙaddara ce, kamar ɗaukewar ruwa, da wanda sakacinka ne, kamar jinkirin sa taki. Na farkon ka bar wa Allah, na biyun kuwa ka rubuta shi domin gyara, ka yafe wa kanka.

Dalilina shi ne abin da ya same ni a 2022, shekarar da ambaliya ta cinye gonaki masu yawa a Jigawa, har da shinkafata a yankin Haɗejiya. Saboda takaici ban huta ko kwana uku ba, sai na ci bashi na faɗa noman rani domin in nuna wa mutanen garinmu cewa ban karaya ba, ban kuwa tsaya na lissafa kuɗin man injin ban ruwa ba. Kafin shinkafar ta nuna kuɗin sun ƙare, kuma sai da na sayar da tumaki biyu kafin na biya mai bashin.