Héctor Chumpitaz ya taɓa buga ƙwallo a Turai?

Malam, kana tambaya ko Chumpitaz, ɗan bayan nan na Peru, ya taka leda a Turai. A'a, ko kusa. Ƙungiyar Universitario ta Peru ya koma a 1966, suka kai wasan ƙarshe na Copa Libertadores (gasar ƙungiyoyin Kudancin Amurka) a 1972, Independiente ta Ajantina ta doke su. Daga nan sai Atlas ta Meziko, ya ƙare a Sporting Cristal ta Peru. Shi ne kyaftin da Peru ta ci Copa América (gasar ƙasashen Kudancin Amurka) a 1975. Gajere ne, amma ƙwallon sama ba ta wuce shi, abin da ya fi burge ni ke nan.

Kada ka sa shi a Kofin Duniya na 1982, rauni ya hana shi. 1970 da 1978 ya buga. Adadin ƙwallayensa kuwa, tuntuɓi hukumar ƙwallon Peru, don shafukan intanet kan saɓa wa juna.